Kagemusha: Turawa ne suka ɗaga shi ko mutanen Japan?

Ɗan Fagge: Ni dai ina nan a kan bakana. Kagemusha na daraktan Japan Akira Kurosawa fim ne na Turawa. Su suka zuba kuɗi, su suka ba shi babbar kyautar bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1980. A gida Japan ba wanda ya damu da shi.

Maman Ikram: A'a Malam, kamfanoni ne suka juya wa Kurosawa baya, ba 'yan kallo ba. Tun da fim ɗinsa Dodes'ka-den ya faɗi a kasuwa a 1970 suka daina yarda da shi, har sai da ya tafi Tarayyar Sobiyet ya yi Dersu Uzala. Da kuɗin Toho, kamfanin Japan da ke shirya Kagemusha, ya gaza, George Lucas da Coppola ne suka shawo kan 20th Century Fox ta cike giɓin, ita kuma ta karɓi haƙƙin nuna shi a waje. Amma da fim ya fito, shi ya fi duk finafinan Japan kawo kuɗi a shekarar.

Ɗan Fagge: To ai kyautar ce ta ja su, Hajiya.

Maman Ikram: A watan Afrilu aka fara haska shi a Japan, Cannes kuwa sai Mayu. Kuma kyautar ma raba ta aka yi da fim ɗin All That Jazz.

Baban Sadiq: Ku bar batun kuɗi tukuna. Awa uku fa! Ana ta jiran yaƙin Nagashino na 1575, da aka zo wajen ba a nuna maka harsashi na samun mayaƙa. Sai ƙarar bindiga, sai fuskokin manyan rundunar gidan Takeda, sannan dawakai kwance suna shure-shure cikin jini. Wani zai ce an cuce shi. Ni kam wannan wurin ne ya sa nake girmama tsohon.

Ƙanwar Gidan: Yaya, ni abin da ya tsaya mini shi ne ɓarawon da aka sa ya yi shigar Shingen, shugaban gidan Takeda. Shintaro Katsu aka fara ɗauka, suka saɓa da Kurosawa, aka kawo Tatsuya Nakadai. Nakadai ya iya sarauta, amma ɓarawonsa bai cika shaƙiyyi ba.

Ɗan Fagge: Na ji na Kagemusha. To fim ɗinsa Ran fa, na 1985? Bafaranshe Serge Silberman ne ya kawo kuɗi, kuma Japan ba ta ma tura shi gasar Oscar ba.

Maman Ikram: Wannan kwamitin masu masana'anta ne, Malam. Ba su ke sayen tikiti ba.