Sabo ake wa kuka: har da na kare?

'Yar ƙungiyar mawaƙa, Tawa: Jama'a ku raba mu gardama. Ran Lahadi mai wa'azinmu ya ce duk mai son gane ƙaunar Allah ya dubi kare: ka kore shi da safe, da maraice ya tarye ka yana kaɗa wutsiya. Muna fitowa kakata ta taɓe baki ta ce, "Sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba." Wai tsakanin kare da mai shi ba komai sai sabo da ƙanzon tuwo. Karin maganar ta hau nan kuwa?

Dattijo, Yamai: Ɗiyata, a gaida Inna, amma ta ɗauko maganar daga gidan makoki ta kai ta inda ba a gayyace ta ba. Kullum ana mutuwa, ba ka zubar da hawaye sai an taɓa wanda kuka ci kuka sha tare. Ma'anarta ke nan. Girmama sabo take yi, ba raina shi ba. In raini Inna take nufi, "sabo turken wawa" ya kamata ta ce.

Ɗan Abalak: Baba, ko wannan ban yarda a ɗora wa kare ba. Ku mutanen gari kun san karen da ake jefa wa ragowa a bakin zaure. Ku zo Azawak ku ga na Buzaye, dogon nan mai ƙafafu kamar na barewa, haƙarƙari a waje. A zango yake kwana da iyali, ya yi gadin bisashe, ya kamo zomo. Baƙo ya miƙa masa nama, ko kallo bai ishe shi ba. Da rani, lokacin da masu shi ma ba su ƙoshi ba, ba ya sauya gida. Wane tuwo ne ya ɗaure shi?

Malamar makarantar Lahadi, Yamai: Ƙanena, ba wanda ya ce kare ba shi da amana. Inda ni na rabu da mai wa'azin shi ne gurbin da ya ajiye kowa. Kare yana son wanda ya fi shi, wanda ya rene shi tun yana ɗan kwikwiyo. To wa ya reni Allah? In za a yi misalin, mu ne a wurin karen, kuma ba ma kai shi ba. Ku duba Ishaya 1:3: sa ya san mai shi, jaki ya san inda ubangidansa ke zuba masa abinci, amma jama'ar Allah ba su sani ba. Annabin bai kawo dabba don ya nuna halin Allah ba, don ya kunyata mu ya kawo ta.

Mai kiwon rago, Yamai: Malama kin tuna mini balamin da na saya a kasuwar Turaku yana ƙarami. Dusa da harawa da hannuna nake ba shi. Ya san ƙarar babur ɗina tun daga kan kwana, in na zauna ya zo ya ɗora kai a gwiwata. Ni ma ina son shi, ba ƙarya. Kirsimeti na zuwa na kira mahauci. Yara suka yi ta kuka, daga baya da su aka ci soye. Ga sabo ake wa kuka nan a fili! Shi ya sa Yohanna 10:11 ke ba ni mamaki: makiyayi ne ke ba da ransa saboda tumaki. Mu a nan tumaki ke mutuwa saboda makiyayi.

Dattijo, Yamai: To in karin magana kuke nema wadda ta kusanci batun, ga ta: "Son maso wani ƙoshin wahala." Hausawa gargaɗi suke yi da ita, kada ka ɓata zuciyarka kan wanda hankalinsa ke wani wuri. A wurinmu Kirista kuwa abin da Allah ya yi ke nan da saninsa. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ba a saba ba, ba a ci tare ba.

Ɗan Abalak: Baba na ji, amma kada a kwashe wa mai wa'azin ƙafa gaba ɗaya. Yaron da ya taso ba mai yi masa maraba in ya dawo gida sai kare, ka ce masa akwai Uban da ya sheƙo a guje ya rungume ɗansa ɓatacce, kamar yadda yake a Luka 15, ta wannan wutsiyar zai fara ganewa.

Malamar makarantar Lahadi, Yamai: Ya fara da ita, na yarda. Kada dai a bar shi a can. Kare bai san abin da ka aikata a waje ba, shi ya sa tarbarsa ba ta da wuya. Uban nan ya san inda dukiyarsa ta tafi.

Mai kiwon rago, Yamai: Duk kun tsaya kan kare. Mussa fa, wato kyanwa? Tamu da muka tashi daga unguwar Gamkalle ƙin bin mu ta yi, tana can wurin sababbin 'yan haya.