Gama-gari ko tsohuwar zuma?

Bakatsine: Jama'a, a warware mini. Malami ya duba rubutun ɗalibi, ya ja layi ƙarƙashin "haƙuri maganin zaman duniya", ya rubuta a gefe: gama-gari. Ashe karin magana ma tana zama gama-gari? Ba da tsohuwar zuma ake magani ba?

Uwar Biyu: Malam, ai gama-gari ba tsufa yake nufi ba. Abin da ya gama gari ne, kowa na da shi, kamar atamfar anko ranar biki. Karin maganar ba ta yi laifi ba. Yaron ne ya rasa abin faɗi, ya jawo ta ya cike layi.

Ɗan Maraɗi: Ni a bar karin magana ta huta. Mai neman gama-gari ya saurari 'yan siyasa da labaran rediyo. Tun 1999 da Najeriya ta koma mulkin farar hula ake ta "romon dimokuraɗiyya", har yau ba a sauke tukunyar ba. Ga "matasa manyan gobe", ga "ciyar da ƙasa gaba", ga "ya yi kira ga jama'a da su ba da haɗin kai". Kafin mai karanta labarai ya kai ƙarshen jimla ka riga shi.

Bakatsine: To ai karin magana ma ana riga mai faɗinta. Ka ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", wa zai jira sauran?

Uwar Biyu: Da gangan ake yanke ta, Malam, don mai ji ya ƙarasa, ya kuma gane gemun wa ake nufi yau. An ba shi aiki ke nan. Wanda aka ce wa "manyan gobe" fa, wane aiki aka ba shi? Ya tafa hannu kawai.

Auta: Yaya, me zai hana a ce tsohon yayi?

Ɗan Maraɗi: A'a, Auta. Tsohon yayi an daina shi. Wannan kuwa damuwarsa ke nan, an ƙi dainawa.

Bakatsine: Hajiya, a zaman makoki fa? Kowa ya shigo "sai haƙuri" zai ce, ban taɓa jin wanda ya ja wa wannan layi ba.