Sauke siginar osileta daga bolt 3.3 zuwa 1.8 ba tare da ta fara karkarwa ba

Mai Dalma: Assalamu alaikum. Ina da OCXO (osileta ta kiristal da ake riƙe zafinta daidai, mai ba da siginar agogo) na 10 MHz mai fitar da bolt 3.3, amma ƙafar agogon FPGA ɗina (guntun lantarki da ake iya tsara aikin cikinsa) bolt 1.8 kawai take ɗauka. Na raba wutar da rezista biyu, kilo-ohm 4.7 a sama da 5.6 a ƙasa. Bolt ɗin ya zo daidai, sai dai da na ɗora sikof (na'urar da ke nuna siffar sigina) na ga siginar ta lanƙwashe kamar doron raƙumi, gefunan duk sun kwanta. Tsabtar osiletan nan ce ta sa na kashe kuɗi a kanta, ba na son in ɓata ta a taku na ƙarshe. Akwai TXB0104, guntun sauya matakin bolt, a akwatina, ko in saka shi?

Injiniya B.: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da TXB ɗin nan akwati. Shi da kansa yake laluben inda sigina ta dosa, bai dace da agogo ba. Rezistocinka ne suka yi girma. Idan aka haɗa su, ƙafar FPGA tana ganin kusan 2.5k, ga kafasitans na ƙafar da na wayar sikof, ka ce 10 pF. Wannan ya ba ka nanosakan 25, alhali rabin zagayen 10 MHz nanosakan 50 ne kacal. Duk gefen da ke hawa a hankali, ƙaramar hayaniya ta isa ta gusar da lokacin da yake tsallake iyakar da FPGA ke karanta shi a matsayin 0 ko 1, nan karkarwar take shigowa. Saka ohm 150 a sama, ohm 180 a ƙasa, bolt 1.8 cif za ka samu. Amma duba takardar OCXO ɗin tukuna, domin zai ja miliamfa 10.

Mai Dalma: Na duba, Yallabai. Nauyin 15 pF kawai aka rubuta, ina tsoron matsa masa.

Hajiya RF: To ɗan'uwa, ka bar manyan rezistocin a wurinsu, ka ɗora ƙaramar kafasita a kan na sama yadda ake daidaita wayar sikof: R1 sau C1 (rezista da kafasita na sama) ya yi daidai da R2 sau C2 (rezistan ƙasa da kafasitans na ƙafar FPGA). Kafasita irin C0G za ka nema, domin irin X7R tana jin girgiza kamar makirfo. Ni dai bafa (guntun da ke karɓar sigina ya sake fitar da ita da wutarsa) nake sakawa, SN74AUC1G04 a kan bolt 1.8, ƙafar shigarsa tana jure 3.6. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ciyar da shi daga wutar FPGA. Duk dattin da ke layin zai hau kan agogonka. Ba shi regileta nasa, irin LT3042, da kafasitar 100 nF manne da ƙafar wutar bafan. Ka tuna kuma yana juya siginar.

Mai Dalma: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Juyawar ba ta dame ni ba. Daren nan zan gwada kafasitar da ke hannuna, bafan kuma sai na yi oda. Zan turo hoton sikof na duka biyun.