Maigidana na son ajiye kaki bayan harbin da aka yi a shingensu, ya batun fansho?

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni matar ɗan sanda ce nan Sakkwato, maigidan saje ne, 2008 ya shiga aiki. Kwanaki suna kan shinge da dare abokin aikinshi ya harbi wani yaro ɗan kabu-kabu wai ya ƙi tsayawa, yaron bai kai asibiti ba. Wallahi ba shi ya yi harbin ba, harsashin da ya sa hannu ya karɓa a ɗakin makamai haka ya maida su cif, yana nan a littafi. To yanzu ana matsa ma waɗanda ke wurin su rubuta sitatimen iri ɗaya cewa yaron ne ya kai hannu zai ƙwace bindiga, shi ko ya ce bai ga haka ba, tun ranar ko tuwo bai iya ci sai ruwan shayi, nan tsakar gida yake zama har kiran assalatu. Yayanshi ya dage wai ya miƙa takardar ajiye aiki tun ba a zauna odali rum ba, wato shari'ar ladabtarwa ta cikin gida ta 'yan sanda, don in aka kore shi fansho ya tafi. Yaranmu biyar, shi kuma shekarunshi 42. Masu sani ku taimaka, ya ajiye ko ya tsaya?

Tsohon Insifeto, Mabera: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki ce mai kar shi yi gaggawa. Shekara 35 na yi cikin kakin ga, ban taɓa ganin an amshi takardar wanda ke da kes bisa kai ba sai an ƙare bincike. Ko da an amsa, kisa maganar kotu ce, tuɓe kaki bai goge ta. Kuma na san halinmu, wanda ya fara janye jiki shi aka liƙa ma laifi, tunda ba shi nan balle shi kare kainai. Oda ta 237, ƙa'idar 'yan sanda bisa amfani da bindiga, da anka gyara 2019 ba ta ba kowa damar harbin mutum don ya wuce shinge ba, sai in rai na cikin haɗari, shi ya sa suka son labarin ƙwace bindiga. Kar shi sa hannu ga abin da bai gani ba.

Mai aikin fansho: Yayan nashi tsohon tsari yake tunawa. Wanda ya shiga aiki 2008 yana cikin tsarin karo-karo na dokar 2004, wadda aka sabunta 2014, ana cire kashi 8 a albashinshi gwamnati ta ɗora kashi 10, kuɗin na asusunshi da sunanshi, galibin 'yan sanda a NPF Pensions, kamfanin fanshon 'yan sanda. Amma Hajiya ki sani, ko ya ajiye yau tunda bai kai 50 ba abin da zai iya taɓawa kashi 25 ne kawai, shi ma sai ya yi wata huɗu ba aiki, sauran sai ya cika 50. Ku fara karɓo sitatimen na asusun ku ga nawa ke ciki, ina jin jikinku zai yi sanyi. Ai abin da ya fitar da tsofaffin 'yan sanda zanga-zanga Abuja a Yulin 2025 ke nan, suna cewa a fidda su daga tsarin kamar yadda aka fidda soja.

Ɗan Marina: Kowa fansho fansho. Uwar yaron hwa? Ni ma kabu-kabu nika yi, naira ɗari ka sa a ɗaga muna bindiga. Mijinki in da gaske abin na cinai shi faɗi abin da ya gani, shi ɗai muka roƙo.

Uwar Biyu: Kai ma ka sassauta, ba ita ta harba ba. Amma 'yar uwa maganarshi na bisa hanya. Tsorona ɗaya, in ya ƙi bin sahu kar ki ji an yi mai canjin wurin aiki zuwa Isa ko Sabon Birni, ki shirya ma wannan.

Lauya mai koyo: Aunty ya samu lauya kafin ya rubuta komai, kuma ya riƙe kwafin nashi sitatimen. Ku tuna kes ɗin Bolanle Raheem, lauyar da ASP Drambi Vandi ya harbe a Ajah ta Legas ranar 25 ga Disamba 2022. Abokan aikinshi da suke tare ranar sun tsaya gaban kotu sun ba da shaida, a Oktoba 2023 aka yanke mai hukuncin kisa, su a matsayin shaidu suka shiga suka fita. Wanda ya rubuta ƙarya kuwa ya sa kanshi cikin laifin da da babu shi ciki. In matsin ya yi yawa akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duka suna karɓar koke.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na karanta mai duka, ya ce takardar ajiye aikin ya fasa, gobe zai je wurin lauya kafin ya shiga ofis. Saura yayan nashi, har yanzu faɗa yake a waya. Baba Insifeto in ba damuwa admin zai haɗa ku da yayan, ƙila ya fi jin maganar babba.