Haddar kalmomin Lojban bisa yawan fitowarsu: wa ya gwada?

Malamin firamare, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon Lojban, harshen da aka fara ginawa a Amurka a 1987 bisa tubalin harshen Loglan da James Cooke Brown ya ƙirƙira. Saiwoyin kalmominsa, waɗanda ake kira gismu, kusan 1,350 ne, kowanne mai haruffa biyar. Da farko na ɗauko su bisa jerin haruffa, sai na gaji tun ban fita daga harafin b ba. Yanzu na samu jerin da aka tsara bisa yawan fitowar kowace kalma a rubutu, kuma ina so waɗanda suka riga ni su faɗi yadda ta kaya musu.

Mai cajin waya, Bichi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da na fara cin karo da shi shi ne, saman jerin cike yake da ƙananan kalmomin nahawu, wato cmavo, irin su lo, mi da cu, waɗanda ba sa zama a kai sai an gan su cikin jimla. Saboda haka na raba jerin biyu: gismu na zuba su a Anki, manhajar da ake bitar hadda da ita, goma kullum bayan sallar Asuba kafin in buɗe shago, cmavo kuwa na bar wa karatu.

Ɗaliba, Kazaure:
Malam, ni kuskurena ya fi wannan ciwo. Na rubuta klama, na sa "tafi" a gabanta, na ɗauka na gama da ita, ashe gurabe biyar gare ta: mai tafiya, inda za shi, inda ya fito, hanyar da ya bi, da abin hawansa. Haka dunda take da mai bayarwa, abin da aka bayar, da mai karɓa. Na haddace kalmomi ɗari biyu a haka, amma jimla ɗaya mai kyau ta gagare ni, sai da na koma farko ina rubuta kowace kalma da gurabenta da misali, kamar mi klama lo zarci, na tafi kasuwa.

Manomi, Gwaram:
Ƙanwata ta yi gaskiya. Ƙari a kai, jerin da na samu daga hirarrakin intanet aka ƙirga shi, shi ya sa skami, wato kwamfuta, ta riga kanba da xasli, wato akuya da jaki, zuwa, alhali su nake gani kowace safiya. Har gero yana da sunansa, cunmi, gona kuma cange, amma sai na gangara can ƙasa kafin na same su. Na tsamo su na haɗa da ɗari ukun farko.

Malamin firamare, Ringim:
Na gode ƙwarai. Yaya na Gwaram, don Allah ka turo mini naka jerin na kayan gona, in kwafa a littafi kafin cajina ya ƙare.