Karatun likitanci da ba ya cikin manhaja

Ƴar aji uku: Assalamu alaikum. Ɗaliban likitanci masu gama aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru za su koma asibitin koyarwa na Shika su fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Ana ta maganar ɓoyayyiyar manhaja da ake koya a can ba tare da lacca ba. Don Allah mene ne ita, kuma me za a kiyaye?

Likitan yara: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ita ce ɗabi'ar da ɗalibi ke kwasa daga yadda manya ke aiki, kuma kowane asibitin koyarwa na da tasa. A raun, wato zagayen duba marasa lafiya, babban likita ne gaba, sai manyan rajistara (likitoci masu neman ƙwarewa), sai ƙanana, sai sabon likita mai horon shekara ɗaya, ɗalibi can baya. In aka ci mutuncin wanda ya ce "ban duba ba" a gaban jama'a, sauran sun gane cewa gara a cike gurbi da ƙarya. Ƙidayar numfashi ce ke fara shan wahala. Yaro sai an ƙirga masa minti ɗaya cur yana natse, domin numfashinsa kan yi sauri ya lafa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na numfashin da ya yi sauri, a minti ɗaya: 60 ko fiye ga jariri ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Wanda ya kwafe lambar jiya ya rubuta, zai iya sallamar yaro da ciwon huhu. In ba ki auna ba, rubuta ba a auna ba.

Sista: Likita ya faɗi gaskiya. Na ƙara da sunan mutum: "gado na shida" ko "mai ciwon hanta" da wuri suke kama baki. Ki gaisa, ki faɗi sunanki, ki ce ke ɗaliba ce, ki nemi izini, ki ja labule. Namiji zai duba mace, a samu mace ta tsaya. Izinin kuma na majinyaciyar ne, ko da maigida zai sa baki. Sannan awon jini: ƙaramin maɗauri a damtse mai kauri yana nuna hawan jinin da babu shi, kuma da yawa a haka suka koya don shi suka tarar a ɗakin.

Malam: Kada ku tsorata yarinya. Akwai alheri a ciki. Littafi ba ya koya miki yadda za ki zaɓi gwaji biyu cikin shida idan kuɗin dangi ba zai kai ba, ko yadda za ki tambayi dattijo ko ya sha jiƙo ba tare da ya ɓoye ba. Wannan sai kin tsaya kusa da wanda ya iya.

Likitan yara: Haka ne, Malam. Sai dai littafin sa hannu: kada ta nemi a sa mata hannu kan ɗinki ko karɓar haihuwar da ba ta yi ba, ko da ƴan ajin duka sun yi. Daren farko na horon shekara ɗaya ita kaɗai za a kira.