Abin da na tsinta daga hirar masu jinya a Amurka

To ga taƙaitaccen abin da aka faɗa a tattaunawar da aka yi kan masu soyayyar jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da ke jinyar iyaye ko abokan zamansu a Amurka.

Abin da aka fi nanatawa shi ne takardu. Duk da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a 2015, wanda bai yi aure ba kuma ba shi da takardar wakilcin yanke shawara kan lafiyar majinyaci zai iya shan mamaki a asibiti, shi ke wanke mutum shi ke ba shi magani da tsakar dare amma ranar da jiki ya rikice sai a kira dangin da suka yi shekaru ba su leƙo ba, wallahi wannan ya taɓa ni. Shawara dai a je wurin lauya tun mutum na cikin hayyacinsa.

Sai aiki. Dokar tarayya ta hutun jinya ta 1993 mako 12 take bayarwa ba albashi, kuma miji ko mata, ɗa ko iyaye kawai ta sani, aboki ba ya ciki, to a tambayi dokar jihar da kake.

Kaɗaici ma an daɗe a kansa, da yawa ba su da 'ya'ya, wasu gida ya kore su. Aka ce a raba aiki da aminai, wani cefane wani kai asibiti, a kuma nemi ƙungiyar SAGE da ke taimakon tsofaffin masu soyayyar jinsi ɗaya da masu sauya jinsi tun 1978. Kafin a ɗauki mai aikin jinya a gida a tambaye shi ƙarara ko zai mutunta majinyacin.